Mun yi taron noman birni, wuri ya cika, amma kusan ba a shuka komai ba: ina gizo yake saƙar?

"Assalamu alaikum Malam. Mu wasu mata ne da matasa a wata unguwa cikin babban birni. Watannin baya mun shirya taro don jawo hankalin jama'a su riƙa cin abin da aka noma kusa da su, su kuma shuka kayan lambu a gidajensu ba tare da dogaro da maganin feshi ba. Mun gayyato masu jawabi, wasu manoma sun kawo kayansu, an ci an sha, an raba iri kyauta. Wuri ya cika har wasu na tsaye. Amma yanzu in ka zaga gidajen da suka karɓi irin, gida uku kawai muka samu da suka shuka. Wasu cikinmu na cewa asarar kuɗi ce, a haƙura. Shin irin wannan taro yana da amfani kuwa? In yana da shi, yaya ake shirya shi har ya bar wani abu a ƙasa?"

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan ƙoƙari. In na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ko tara jama'a a kan abincin gida da noman birni yana canza wani abu, sannan wane irin taro ne yake canzawar. Amsar ta farko ita ce e, yana canzawa, kuma akwai garuruwan da za a nuna da yatsa. Ta biyun ce mai tsawo, don a nan ne yawancin masu kyakkyawar niyya suke tuntuɓe.

Abin da kuka yi buɗe ƙofa ne, kuma ya yi aikinsa. Mutane sun zo, sun ga juna, kun gane cewa akwai masu sha'awa a unguwar. Sai dai shuka tana da nata lokaci. Tumatir daga yayyafa iri zuwa tsinkar fari yana cin wajen wata uku zuwa huɗu, kuma a cikin waɗannan watanni sabon mai lambu zai gamu da matsala kusan kowane mako. Taron yini ɗaya ba zai raka shi wannan tafiya ba. Duk inda na ga abin ya kama ƙasa, taron yana da ranar dawowa da kowa ya sani, ana yin aiki da hannu a cikinsa, kuma an riga an warware maganar fili da ruwa kafin a raba iri.

Wuraren da abin ya ɗore

A garin Todmorden da ke arewacin Ingila, mai mutane kusan 15,000, wasu mata biyu, Pam Warhurst da Mary Clear, suka kira taro a wani shagon shan shayi a 2008. Mutum kusan 60 suka zo. Abin da ya bambanta wannan taro da dubban irinsa shi ne abin da ya biyo baya: suka fita suka fara shuka kayan ci a gefen hanya, a gaban ofishin 'yan sanda, a harabar asibitin garin da tashar jirgin ƙasa, kowa ya ga dama ya tsinka. Suka kira tafiyar Incredible Edible, kuma sharaɗin shiga ɗaya ne, in dai kana cin abinci to da kai. Daga baya garuruwa da dama a Birtaniya da Faransa suka kwaikwaya.

A birnin Rosario na Ajantina kuwa wahala ce ta haifi abin. Tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a ƙarshen 2001, sai hukumar birnin ta ƙaddamar da shirin noman birni a farkon 2002, tare da shirin gwamnatin ƙasa mai suna Pro-Huerta da ke ba da iri da horo. An bai wa marasa aiki damar noma filayen da ke zaune haka nan, aka kuma buɗe musu kasuwannin mako-mako a dandalin birnin don su sayar kai tsaye. Haka Kyuba bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, lokacin da takin zamani da man fetur da maganin ƙwari suka yanke. Mutanen Havana suka gina fangaloli masu tudu a kan kangwaye suka cika su da takin gargajiya, gwamnati ta ba da aron filaye, ta kuma sake halatta kasuwannin manoma a 1994. A duka biyun akwai taruka da yawa, amma kowane taro yana tsaye ne a kan fili da aka bayar da kasuwar da aka buɗe.

Akwai kuma manyan taruka irin na ƙungiyar Slow Food da Carlo Petrini ya assasa a Italiya. Taronta na Terra Madre da aka fara a Turin a 2004 ya tara ƙananan manoma da makiyaya da masunta kusan 5,000 daga ƙasashe 130. Irin wannan yana ɗaga murya, yana haɗa zumunci, amma ba shi ne abin koyi ga unguwa ba.

Abin koyinku yana Indunusiya. A tsakiyar shekarun 1980 wani ƙwaro mai tsotse ruwan shinkafa ya addabi ƙasar, aka gano cewa yawan feshi ne ke kashe gizo-gizo da sauran halittun da ke cinye shi. A 1986 gwamnati ta hana amfani da magunguna 57 a gonakin shinkafa, sannan a 1989, tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fara abin da ake kira makarantar manoma a gona. Manoma kamar 25 suke haɗuwa sau ɗaya a mako, tun daga shuka har girbi, a cikin gona ɗaya. Ba a yi musu lacca. Su shiga gonar, su duba ganye, su ƙirga ƙwari masu ɓarna da masu amfani, su zana abin da suka gani, su yi gardama, su yanke shawarar abin da za a yi a wannan makon. Tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe sama da 90. Wannan shi ne taron da ya fi kowanne koyar da noma a sanina, kuma ba ya buƙatar kujerun haya ko lasifika.

Me ya sa irin ya zauna a leda

A aikina na malamin gona na sha bin sawun irin da aka raba a taro, kuma dalilan ba sa wuce 'yan kaɗan. Sau da yawa mutum ya karɓa da niyya, ya isa gida, sai ya ga tsakar gidan siminti ne, ba shi da ƙasa, bai san inda ake samo taki ba. Ya ajiye ledar a kan taga da cewa sai ƙarshen mako. Zafi da danshi suna kashe iri a hankali, kuma wasu ba su da tsawon rai ko an adana su da kyau: irin albasa da ƙyar yake wuce shekara ɗaya zuwa biyu, alhali na tumatir yana iya kai shekara huɗu.

Waɗanda suka shuka kuma suka ci karo da gazawar farko su ne suka fi ba ni tausayi, don su sun gwada. Wata baiwar Allah ta taɓa nuna min bokitai biyar da ta cika da ƙasa mai kyau, tana ba su ruwa safe da yamma, amma komai ya yi rawaya ya kwanta. Na ɗaga bokiti ɗaya na duba ƙasansa, babu huda ko ɗaya. Da muka juye shi, ƙasar ta zama taɓo mai wari, saiwoyin sun yi baƙi sun ruɓe. Ƙusa da guduma ne maganin, aikin minti biyu, amma ita ta riga ta yanke wa kanta hukunci cewa ba ta da hannun shuka. Wani ya binne irin latas da zurfin ɗan yatsa, alhali latas a sama-sama ake yayyafa shi a ɗan rufe da ƙasa kaɗan. Wani ya ajiye tumatir a lungun da rana ba ta kai awa biyu, ya yi tsawo siriri ya ƙi fure, don masu 'ya'ya irin tumatir da barkono suna son rana ta awa shida zuwa takwas, masu ganye ne ke haƙuri da uku zuwa huɗu. Duk waɗannan kurakurai ne da ido ɗaya mai gogewa zai gano nan take. Abin da ya rasa musu shi ne wanda za su nuna wa a mako na biyu.

Akwai kuma maganar kyauta. Ba na adawa da ita, amma abin da aka miƙa wa kowa a bakin ƙofa har da wanda ya zo rakiya, ba ya nuna wanda ya shirya. Ni na fi son a ba da dashe mai ganye huɗu zuwa shida a maimakon iri, a ba wanda ya zo da bokitinsa ko buhunsa ya cika da hannunsa a wurin, a rubuta sunansa, a kuma gaya masa ranar da za a zo duba.

Kafin a sake kiran kowa: fili, ƙasa da ruwa

Nan zan ɗan daɗe, domin shi ne abin da masu shirya taro suka fi tsallakewa. In lambun haɗaka kuke so, ku samo izinin filin a rubuce, ko na makaranta ne, ko na wurin ibada, ko na hukuma, ko na wani mai kangon da bai tashi gini ba. Takardar ta faɗi shekara nawa, wa zai biya kuɗin ruwa, da kuma wa'adin da za a ba ku in mai fili yana son abinsa, aƙalla a bari a girbe abin da ke ƙasa. Wannan ba tsoro ne na banza ba. A New York a 1999 hukumar birni ta sa lambunan unguwa sama da 100 a gwanjo, sai da ƙungiyoyi biyu suka saye su ana gab da kaɗa ƙararrawa. A Los Angeles, wata gonar unguwa mai eka 14 da iyalai kusan 350 suke nomawa, an tashe su aka bi ta da buldoza a 2006. Gyaran ƙasa yana cin shekara biyu zuwa uku kafin ta yi daɗi, babu kuma wanda zai zuba ƙarfinsa a inda za a iya korarsa gobe.

Sai lafiyar ƙasar. Ƙasar birni tana da tarihi. Ku tambayi tsofaffin unguwa me aka taɓa yi a wurin: garejin gyaran mota, wurin fasa batir, rini, juji da ake ƙonawa, ko tsohon gini mai fenti. Babban abin tsoro shi ne gubar dalma, wadda ba ta ruɓewa ba ta tafiya. Man fetur mai dalma bai ƙare a duniya ba sai 2021, don haka gefen manyan tituna har yanzu yana ɗauke da ita. Ta fi cutar da ƙananan yara, kuma hanyarta ta fi yawa ta ƙurar da ke manne wa ganye da hannu. In kuna da shakka, a kai samfurin ƙasar ɗakin gwaji na wata jami'a ko cibiyar binciken noma. In hakan bai samu ba, a yi fangali mai tudu ko a yi amfani da buhu da bokiti, a shimfiɗa wani abu a ƙasa, a kawo ƙasa mai tsabta daga waje, a rufe hanyoyin tsakani da ciyawa busasshiya don ƙura. Masu 'ya'ya sun fi aminci a irin wannan wuri a kan masu ganye da masu saiwa irin karas.

Ruwa kuwa lissafi ne. A lokacin zafi kayan lambu suna shan kusan lita huɗu zuwa shida a kowace murabba'in mita a rana. Lambu mai faɗin mita goma da tsawon mita goma zai nemi wajen lita 500 kullum. Wa zai ɗebo? Daga ina? In ba ku da amsa, ku rage girman lambun. Rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa yana rage ƙishin sosai, kuma rufin kwano dukiya ne: kowace milimita ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Ruwan kwata dai a guje shi ga duk abin da ake ci ɗanye.

Yadda taron aiki yake tafiya

Da zarar an samu waɗannan, sai a sa rana tsayayya, mako-mako ko bayan mako biyu, awa biyu kacal, a cikin lambun. Mutum goma sha biyar zuwa ashirin da biyar sun isa. Fiye da haka wasu za su koma 'yan kallo. A fara da zagaye, kowa ya duba bayan ganye, ya tona ƙasa da yatsa, ya faɗi abin da ya gani. Sai a yi aikin ranar, abu ɗaya tak, wanda ya dace da matakin da shukar take. A rufe da ɗan abin taɓawa, ko da shayi ne, don a nan ne ake hirar da ke riƙe mutane. Kafin a watse a faɗi da baki wa zai yi ban ruwa wace rana, a rubuta a allo.

In za ku koyar da noma mai ɗorewa, ku bar ƙasa ta yi muku bayani. Ku raba fangali biyu, iri ɗaya, rana ɗaya: ɗaya da takin da kuka haɗa kuma a rufe da ciyawa, ɗaya a bar shi tsirara. Bayan mako uku ku sa kowa ya cusa hannu a cikin biyun da tsakar rana. Gani ya kori ji.

Haɗa taki ma darasi ne da ya dace da taro, domin gida ɗaya ba ya tara sharar da za ta yi tsibi mai zafi, gida goma kuwa suna tarawa. Kashi biyu zuwa uku na busassun abubuwa, ganye da kara da kwali, a kan kashi ɗaya na ɗanye, ɓawon kayan miya da ciyawa da kashin dabbobi. Tsibin ya kai kamar mita ɗaya ta kowane ɓangare. Danshinsa ya zama in ka matse dunƙule a hannu ɗigo ɗaya ko biyu ne zai fito. In an haɗa daidai, cikin kwana biyu zuwa uku za ki cusa sanda ki zaro ta da zafi. Ana so zafin cikinsa ya kai digiri 55 a ma'aunin Celsius na tsawon kwana uku aƙalla, don a nan ne ƙwayoyin cuta da yawancin irin ciyawa suke mutuwa, a kuma riƙa juyawa don na gefe ya shiga tsakiya. In yana wari, ruwa ko ɗanye ya yi yawa. In ya ƙi zafi, ya bushe ko ɗanyen ya yi kaɗan. Kashin dabba da bai ruɓe ba kuma kada a zuba shi kusa da girbi. Dokar noman da babu sinadari a Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kuma ma'auni ne mai kyau ga kowa.

A ƙarshen zango sai a yi taron musayar iri, irin wanda aka fara a Vancouver ta Kanada a 1990 ya kuma bazu. Kowa ya kawo nasa da suna da shekarar da aka girbe a rubuce. A bayyana wa mutane cewa iri mai aure, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa, in aka ajiye 'ya'yansa ba za su fito kamar uwar ba. Tumatir da wake da latas sun fi sauƙin ajiyewa don galibi kansu suke yi wa barbara, masara da dangin kabewa kuwa suna gauraya da na maƙwabta. Kafin a raba, a gwada: ƙwaya goma a cikin tsumma mai danshi, bayan mako guda a ƙirga waɗanda suka tsiro.

Manoman da kuka gayyato

Kin ambaci manoman da suka kawo kaya, kuma ina jin an manta da su a cikin lissafin. Manomi ya bar gonarsa yini guda, ya biya mota, ya sayar da abin da ya sayar, ba a sake nemansa ba. Shi ba tafi yake nema ba, mai saye yake nema wanda zai dawo. Yawancin mutanen da suka cika muku wuri ba za su taɓa yin lambu ba, kuma babu laifi a hakan, amma dukkansu suna sayen abinci. Wannan ita ce hanyar da ta fi faɗi.

A Japan, tun farkon shekarun 1970, matan gida masu damuwa da gubar da ke cikin abinci suka fara ƙulla yarjejeniya kai tsaye da manoma, abin da suke kira teikei. Makamancinsa ya fara a Amurka a 1986, a Faransa kuma a 2001 da sunan AMAP. Iyalai su haɗu su yi wa manomi alkawarin sayen amfaninsa na zango guda, su biya duka ko wani kaso tun kafin shuka, shi kuma ya kawo kwando kowane mako a wuri ɗaya. Manomi ya samu jari ba tare da bashi ba, ya san yawan abin da zai shuka. Masu saye kuma sun yarda cewa in shekara ta yi kyau kwando zai cika, in ta ɓaci za a raba asarar. A faɗi wannan ƙarara tun farko, don a nan ne rigima take tashi. In biyan gaba ya yi wa mutanenku nauyi, a fara da oda ta mako-mako: a tara buƙata ranar Laraba, a kawo ranar Asabar. Sannan a kai masu sayen gonar su gani da idonsu, ko sau ɗaya a zango. Wannan ziyara ta fi kowace takardar shaida ƙarfi a tsakanin mutanen da suka san juna.

Kada a yi alkawarin da lambu ba zai cika ba

Ina roƙonku da ku kiyaye abin da ake faɗa a lasifika. Ana yawan cewa cin abincin kusa shi ne maganin ɗumamar yanayi saboda an rage jigila. Babban binciken da Joseph Poore da Thomas Nemecek suka wallafa a 2018, wanda ya tattara bayanan gonaki sama da 38,000 a ƙasashe 119, ya nuna jigila kusan kashi 6 cikin 100 ce kawai ta hayaƙin da abinci ke jawowa. Abin da aka noma da yadda aka noma shi sun fi nisan tafiyarsa tasiri. Wani binciken na 2024 da masana a Jami'ar Michigan suka jagoranta a lambuna da gonakin birni 73 a ƙasashe biyar ya samu cewa, a matsakaici, kayan lambun birni sun ninka na gonakin gargajiya wajen sau shida a hayaƙin da ake fitarwa, kuma babban dalili shi ne kayan gini, katako da siminti da rumfuna, da ake kafawa a rushe bayan 'yan shekaru. Darasinsa a fili yake: a yi amfani da tsofaffin kaya, a kuma samu filin da zai daɗe.

Haka nan lambun birni ba zai ciyar da gida da hatsi ba. Matsakaicin amfanin hatsi a duniya kusan tan huɗu ne a hekta, wato murabba'in mita goma ba za su ba ki fiye da kilo huɗu ba. Amma wannan wurin zai iya ba gida ganye da kayan miya na watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar gram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ga kowane mutum a rana, kuma gidaje masu ƙaramin ƙarfi su suka fi kasa kaiwa. A nan ne amfanin yake: ganye sabo da aka san yadda aka noma shi, sharar kicin da ta koma taki, yara da suka san daga ina abinci yake fitowa, maƙwabta da suka fara gaisawa. Waɗannan sun isa hujja, ba sai an ƙara musu gishiri ba.

Noman da babu feshi ma yana da wuyarsa. Shekarar farko ƙwari sukan yi nasara, kafin halittu masu amfani su taru. Akwai lokacin da cire tsiro mai cuta a ƙone shi ne kaɗai mafita. Ku gaya wa mutane haka tun farko don kada su karaya.

Daga nesa ba zan iya yanke muku hukunci a kan lafiyar ƙasarku ko dokar filaye ta birninku ba. Na farko aikin ɗakin gwaji ne, na biyu kuma sai kun je ofishin da ke kula da filaye da tsara birni kun ji daga bakinsu, domin wasu birane suna ƙarfafa noma a cikinsu, wasu suna da tsofaffin dokokin da suka hana dogayen shuka ko kiwo. Kuma babu tsarin da zai hana gajiya. Mutum biyu ko uku ne sukan ɗauki nauyin komai har su ƙone. Elinor Ostrom, wadda ta samu lambar Nobel a 2009 kan nazarin yadda jama'a ke kula da dukiyar haɗaka, ta nuna cewa waɗanda suka ɗore suna da iyaka sananniya ta wanda ke ciki, da dokokin da su da kansu suka tsara, da hukunci mai hawa-hawa ga wanda ya saɓa, da hanya mai sauƙi ta sasanta rikici. A lambu wannan yana nufin a rubuta wa ke da wane fangali, me zai faru in mutum ya bar nasa ya zama daji na wata guda, yaya ake raba abin da aka girbe a na haɗaka, kuma maɓalli da littafin kuɗi su riƙa zagayawa.

'Yan'uwanki da ke cewa a haƙura suna da gaskiya a abu ɗaya, kada a sake kashe irin wancan kuɗi a kan irin wancan taro a yanzu. Ku koma ga gidaje ukun nan da suka shuka. Ku roƙi ɗaya daga cikinsu ya karɓi baƙi, ku kira mutum goma daga cikin waɗanda suka karɓi iri ba su shuka ba, kowa ya zo da bokiti ko buhu. Mai gidan ne zai yi bayani, ba baƙo daga waje ba, ya nuna abin da ya yi kyau da abin da ya mutu. A huda bokitai, a cika su, a dasa, a sa ranar dawowa bayan mako biyu a gida na biyu. A daidai wannan lokaci mutum ɗaya ya ɗauki nauyin kiran manoman nan ya tambaye su abin da za su iya kawowa kowane mako da mafi ƙarancin odar da za ta biya musu kuɗin mota, wani kuma ya fara bin maganar fili. Babban taro mai ci da sha ku ajiye shi sai lokacin girbi, a dafa abin da aka noma a unguwar, a kuma buɗe rajistar waɗanda za su shiga zango na gaba a wurin.